Lambun da Ba Mu Shuka Ba a Kan Duwatsun Birnin Kudu da Gwaram

 

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako maganarmu a kan dutse take, da abin da yake tsirowa a kansa. Damina ta kankama. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kudu ta nufi Gwaram zai ga duwatsun da suka yi wata bakwai suna toka-toka, kamar an yi gobara a kansu, yanzu sun yafa koren mayafi. Ɗan kasuwa yakan wuce su a mota yana lissafin ribar buhun riɗi, ma'aikaci kuma yana duban agogo kada ya makara, ba mai ɗaga kai. Alhali kuwa a wasu ƙasashe mutane sukan yi tanadin kuɗi musamman domin su je su ga irin abin da muke wucewa a kyauta. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, muna da lambu a kan duwatsun nan wanda ba mu muka shuka shi ba, amma mu ne muke neman ƙarar da shi, kuma shari'armu ta daɗe da tanadar hanyar tsare shi.

Lambunan tsauni a ƙasar Turai

A tsakiyar Turai akwai jerin tsaunuka da ake kira Alps, Larabawa kuwa suna ce musu Jibalul Albi, sun ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan da Ostiriya da wasu maƙwabtansu. Ƙanƙara takan rufe bisansu mafi yawan shekara. Idan mutum yana hawa, kowace mita 1,000 da ya ƙara sama zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6, har ya kai wani matsayi inda itatuwa suke tsayawa cik, ba su iya ƙara gaba saboda sanyi. Daga nan zuwa inda ƙanƙara ba ta narkewa sai ƙananan tsirrai masu kwanciya da ƙasa. Waɗannan su ne tsirran tsauni, kuma dominsu aka kafa lambuna na musamman.

Ɗaya daga cikin mafiya shahara shi ne lambun Lautaret a ƙasar Faransa, wanda Jami'ar Grenoble ta kafa a shekarar 1899, a wani mashigin tsauni mai tsayin kimanin mita 2,100. Faɗinsa wajen hekta 2 ne kacal, watau bai fi gonar wani magidanci a ƙasarmu ba, amma an tara masa tsirrai wajen iri 2,000 daga tsaunukan duniya dabam-dabam, an jera su gwargwadon ƙasashen da suka fito. Akwai wani kuma a Suwizalan, a kan tsaunin Schynige Platte, wanda aka buɗe a 1929. Shi na tsaunukan ƙasar kaɗai aka tara masa, fiye da iri 600, kuma ana hawa zuwa wurinsa da wani ƙaramin jirgin ƙasa mai haƙora da suke kama dogo don kada ya zame. Dukansu biyu ba a buɗe su sai lokacin zafinsu, daga wajen watan Yuni, bayan ƙanƙara ta narke, kafin ɗari ya komo kuwa an rufe ƙofa. Watau lokacin ziyararsu ya yi daidai da daminarmu.

Abin da mai ziyara yake tararwa can shi ne 'yan siraran hanyoyi a tsakanin duwatsu, da tsirrai waɗanda mafi yawansu ba su wuce idon sawu ba. Amma a gaban kowane tsiro an kafa ɗan allo, an rubuta sunansa da danginsa da inda ya fito. Akwai ma'aikata masu kula, akwai ɗalibai masu aunawa suna rubutawa, ana kuma tara iri ana musayarsa da sauran lambunan duniya. Doka ɗaya ce ga babba da yaro: ka duba, ka tambaya, kada ka tsinka, kada ka bar hanya.

Kada mai karatu ya zaci da wannan tarbiyya aka haifi Turawa. Hasara ce ta koya musu. Akwai wani ɗan farin fure mai gashi kamar auduga da suke kira edelweiss. A ƙarni na 19, da masu yawon buɗe ido suka yawaita, sai aka dinga tumɓuke shi ana sayar musu, har ya yi wuyar gani a wuraren da ya saba tsirowa. Sai da suka ga uwar bari, sa'an nan wasu lardunan Suwizalan da na Ostiriya suka kafa dokar hana tumɓuke shi, tun kafin ƙarnin ya ƙare.

Sanyi a can, ƙishirwa a nan

A Nijeriya ba mu da tsaunin ƙanƙara. Mafi tsawo a ƙasar nan shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, kan iyakar Kamaru, mai mita 2,419. Tsirran tsauni na haƙiƙa a Afirka sai a wurare irin su Kilimanjaro da tsaunin Kenya da tuddan Habasha. Duwatsun Birnin Kudu da na ƙasar Gwaram, daga Kila da Fagam zuwa Farin Dutse da Dingaya, yara ne ƙanana a gaban waɗannan. To, me ya haɗa su da lambun Faransa?

Abin da ya haɗa su shi ne wahalar zama. Tsiron tsaunin Turai abokin gabarsa sanyi ne da iska, namu kuwa zafi da ƙishirwa, amma dukansu a kan 'yar ƙasa suke zaune wadda sau da yawa ba ta kai tafin hannu kauri ba, kuma dukansu 'yan watanni kaɗan aka ba su a shekara su yi ganye, su girma, su yi tanadin gaba. Can narkewar ƙanƙara ce take buɗe ƙofa, nan kuwa ruwan farko. Saboda haka dabarun da aka hore musu suka yi kama da juna. Na can yakan dunƙule kamar matashin kai domin ya riƙe ɗumi, ya yi gashi a ganye domin kada iska ta busar da shi, ya aika da doguwar saiwa cikin tsagin dutse. Na nan yakan tara ruwa a kututture, ko a albasa a ƙarƙashin ƙasa, ya zubar da ganye da rani, shi ma ya cusa saiwa cikin tsagi yana bin laima. Ruwan da ya zuba a kan falalen dutse ba ya tsayawa, nan da nan ya gangare, rana ta fito dutsen ya yi zafin da ba ya takuwa sai da takalmi. Duk tsiron da ya rayu a irin wannan wuri ya cancanci a tsaya a dube shi.

Abin da mai ziyara zai gani a duwatsunmu

Wanda ya hau da safe a tsakiyar damina, abu na farko da zai taka shi ne wasu dabbare-dabbare a jikin falalen masu kama da makero, wasu toka-toka, wasu ruwan ɗorawa. Mutane sukan ɗauka datti ne ko tsatsa, alhali rayayyun halittu ne. Su ne suke fara cin fuskar dutse a hankali, ƙurar hunturu ta zauna a kansu, gansakuka ta biyo baya, sa'an nan ƙananan ciyayi su sami wurin kafa saiwa. Ƙasar da za ta cika ƙwarya ɗaya a kan falale takan ci shekaru masu yawan gaske kafin ta taru.

A cikin ciyayin akwai waɗanda suka fi ba da mamaki. Masana sun yi nazarin wata ciyawa da suke kira Afrotrilepis, wadda take shimfiɗuwa kamar tabarma a kan duwatsun Afirka ta Yamma, musamman inda ruwa ya fi yawa, kuma akwai masu irin ɗabi'arta cikin ƙananan ciyayin duwatsun arewa. Da rani takan bushe ƙayau, duk wanda ya gan ta sai ya rantse ta mutu. Ruwa na sauka, cikin 'yan kwanaki ganyen nan da ya bushe, shi da kansa ba wani sabo ba, sai ya komo kore. Alƙur'ani mai girma ya kafa hujja a kan tashin ƙiyama da rayar da ƙasa bayan mutuwarta a wurare da yawa, kamar aya ta 5 a Suratul Hajji da aya ta 39 a Suratu Fussilat. Kowane almajiri ya wanke waɗannan ayoyi a allo, ga tafsirinsu kuwa a fili a kan dutsen bayan gari.

Daga nan sai itatuwa. Sarkinsu a kan dutse shi ne hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, mai ɓawo fari-fari da yake saɓulewa kamar takarda. Ɗan'uwa ne na kusa ga itacen lubban da ake samu a Oman da Yaman da Somaliya, shi ya sa ƙaronsa yake ƙamshi in an sa shi a wuta. Masana tsirrai sun laƙaba masa sunan wani likita Bature, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar Hausa, ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi daga bakin mutanen ƙasa, ya buga su a littafi a 1916. Ku lura da wannan, 'yan'uwa: kakanninmu ne suka raɗa sunayen, amma baƙo ne ya rubuta su. Kusa da hano akwai dashi, ɗan'uwan itacen mur, da kukkuki mai ƙaro, da kawuri da shirinya waɗanda saiwarsu take malala a jikin dutse har ta sami tsagi ta shiga, a hankali ta buɗe shi. Akwai tinya mai kumburarren jiki da farin nono mai dafi, wanda in ya faɗa ido yana iya makantarwa, saboda haka a ja kunnen yara a kanta. Akwai kabar giwa mai kaurin ganye, da albasar kura wadda take shekare rani a ƙarƙashin ƙasa tana jiran lokacinta. A gindin dutse, inda ƙasa ta yi kauri, sai marke da taura da tsada da faru da kanya.

Wasu kuma ba su yi wa damina ado, sai rani. Kariya takan fitar da furenta ja-ja a lokacin da ba ta da ganye; ita ce ake sayarwa cikin tukwane a biranen duniya, mu kuwa ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Rawaya takan ɓullo da fure daga ƙasa kai tsaye bayan wuta ta ci daji, kuma daga saiwarta ake samun rinin da launin rawaya ya ci sunansa. Hano ma da rani yake fure. Ashe lambunmu ya fi na Turai da abu ɗaya, watau ba a rufe ƙofarsa.

A Birnin Kudu akwai ƙarin abin gani. A kogwannin Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi a jikin dutse, har da shanu marasa tozo, akwai kuma duwatsu masu amo kamar ƙararrawa in an buga su. Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, kuma suna cikin kayan tarihin da dokar ƙasa ta tsare. An san darajar zanen sa, an sa shi cikin doka. Saura a san darajar ciyawar da san ya ci.

Wannan ilmi ba baƙonmu ba ne

Wani zai ce kallon ciyawa aikin Nasara ne da marasa abin yi. Wannan maganar wanda bai san tarihinsa ba ce. Abu Hanifa Addinawari, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 9 na Miladiyya, ya wallafa Kitabun Nabati, inda ya tattara sunayen tsirrai da siffofinsu daga bakin Larabawan ƙauye. A Andalus, Sarki Abdurrahman na Ɗaya ya kafa lambun Rusafa a gefen Ƙurɗuba a ƙarni na 8, ana kawo masa iri daga Sham. A Ɗulaiɗila a ƙarni na 11, Ibn Wafid da Ibn Bassal sun kula da lambun Sarki Alma'amun suna gwada tsirrai. Abul Abbas Annabati na Ishbiliya, wanda ya rasu a 1239, malamin hadisi ne, amma tafiyarsa ta hajji ta zame masa tafiyar nazarin tsirrai. Almajirinsa Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya bar littafi mai bayanin magunguna da abinci wajen 1,400, mafi yawansu daga tsirrai. A nan gida ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littattafai a kan magani, har da wata takarda a kan amfanin filasko. Wanda ya duba Suratu Faɗir zai ga aya ta 27 ta ambaci ruwan sama da 'ya'yan itatuwa masu launi iri-iri da zane-zanen jikin duwatsu, aya ta 28 kuma ta haɗa malanta da tsoron Allah. Ba a banza aka jera su wuri guda ba.

Abin da ke cinye lambun

Abubuwa huɗu ne suke cin wannan lambu. Na farko gatari. Tun da kananzir da gas suka yi tsada, gawayi ya zama babbar haja, marke da ƙirya kuwa su ne a gaba wajen shan sara. Itacen da aka sare a fili yana iya tofowa, amma na jikin dutse in ya tafi, ƙasar da saiwarsa ta riƙe sai ruwan marka ya wanke ta, a bar falale tsirara. Ruwan da dā yake tsayawa yana tsattsafowa a hankali zuwa rijiyoyin gindin dutse sai ya sauko gaba ɗaya, ya yanka gonaki, ya bar kwazazzabai. Na biyu fasa dutse. Kowane gini da kowace hanya tsakuwa suke so, kuma sana'ar halal ce, sai dai dutsen da aka fasa ba ya tofowa har abada. Na uku sassaƙe. Mai magani da ya san aikinsa gefe ɗaya yake sassaƙa ya bar gefe, amma mai cika buhu ya kai birni kewaye itacen yake yi. Abincin da ganye ya sarrafa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, in aka kewaye ɓawon sai saiwa ta mutu da yunwa, itacen ya bushe a tsaye. Na huɗu wuta, wadda ake cinnawa da rani don gafiya ɗaya, ta lashe tabarmar ciyawar da ta fi kakan mai farautar shekaru.

To, me ya sa duwatsu suka tsira a dā? Ƙarancin jama'a yana ciki, amma akwai wani mai gadi kuma, shi ne tsoro. Mutanen dā sun yi imani da cewa iskoki ne suke zaune a duwatsu da kurmi. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala. A irin waɗannan wurare ba mai kai gatari. Malamai suka yi wa'azi a kan wannan, kuma sun yi daidai, domin ba dutse ko itace da yake amfanarwa ko cutarwa da kansa, yanka dominsa kuwa shirka ce. Sai dai aikin rabi aka yi. An sallami mai gadin ƙarya, ba a naɗa na gaskiya ba. An gaya wa jama'a kada su ji tsoron abin da ke cikin dutse, ba a ƙarasa musu da cewa dutsen yana da Ubangiji wanda zai yi tambaya a kansa ba.

Hukuncin hima

Mai gadin gaskiya a littattafan fiƙihu sunansa hima, kada a rikita shi da himma. Hima ita ce wani yanki na daji wanda ba mallakar kowa ba, shugaba ya keɓe shi domin maslahar jama'a, ya hana amfani da shi ko ya sa masa iyaka. A zamanin jahiliyya manyan Larabawa sukan keɓe wa kansu makiyaya da ƙarfin tuwo; Musulunci ya soke wannan, ya bar wadda aka yi domin jama'a. Imamu Buhari ya kawo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u a yankin Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Sharaf da Rabaza. Madina kanta an hana sare itatuwanta, kuma da duwatsu biyu aka yi wa haramin iyaka, Airu da Sauru.

Malamanmu na Malikiyya, a Muhtasar na Shehu Halilu da sharhohinsa, sun gindaya sharuɗɗa: shugaba ne zai keɓe ko wakilinsa, a kan buƙata ta gaskiya, wurin ya zama kaɗan yadda ba zai ƙuntata wa jama'a ba, ya zama ba ginin kowa ko shukar kowa a cikinsa, amfanin kuma ya koma ga jama'a. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi ɗan littafi a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita, mai suna Ta'alimur Radi. Gaskiya ne hima ta farko domin kiwon dawakin yaƙi da raƙuman zakka aka yi ta. Amma dalilin hukuncin shi ne maslahar jama'a, kuma mutanen tsaunukan Hijaz, wajen Ɗa'ifa da Baha, sun daɗe suna keɓe hima domin itatuwa da domin furen da zuma take ci, har zuwa ƙarni na 20. Dutsen da yake riƙe wa gari ruwa da magani bai kasa waɗannan cancanta ba.

Akwai wani labari a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ya kamata kowane ma'aikacin gandun daji ya sani. Sayyidina Umar ya naɗa wani baransa mai suna Hunayyu a kan hima, ya umarce shi da sassauta wa mutane da tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce masa ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tsare dabbobin Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan, domin su attajirai ne masu gonaki da za su koma musu in dabbobinsu sun halaka, talaka kuwa ba shi da madogara sai baitulmali. Dubi yadda aka ɗora nauyin tsaron a kan mai ƙarfi, aka sauƙaƙa wa mai rauni. A wurinmu sau da yawa abin a juye yake: a tare tsohuwa da ƙunshin ƙirare, a ɗaga wa motar gawayi hannu. Duk tsaron dajin da aka gina a kan haka zalunci ne, kuma ba zai ɗore ba, domin jama'a ba za su tsare abin da aka mai da su abokan gabarsa ba.

Nasiha ga ma'aikata da 'yan kasuwa

Ya ku ma'aikatan hukuma, dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma iko a kan ƙasar karkara. Dokar 1992 ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa izinin fasa dutse a hannun Gwamnatin Tarayya. Kowace takarda cikin waɗannan ta teburin wani ma'aikaci take bi, sa hannu kuwa shaida ce, wanda ya sa hannu a kan abin da bai je ya gani ba ya san sunan irin wannan shaida.

Shawarata mai sauƙi ce. A kowace gunduma mai duwatsu, Dingaya ce ko Fagam ko Kila, dagaci da limami da arɗo da sarkin baka da masu magani su zauna su zaɓi dutse ɗaya, ko ma gefe ɗaya na dutse, a shata iyakarsa a rubuce, hakimi da ƙaramar hukuma su tabbatar. A hana gatari da wuta da fasawa a ciki, a bar wa talaka busasshen itace da ganye da 'ya'yan itatuwa, a tsara lokacin kiwo da yardar makiyaya. A kafa alluna da sunayen tsirrai da Hausa da Fulatanci, da boko da ajami. Malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da ɗaliban makarantun sakandare su zauna gaban tsofaffi su rubuta suna da amfanin kowane tsiro tun masu sanin suna da rai. Wanda ya ga abin ya yi ƙanƙanta ya tuna lambun Faransa hekta 2 ne, ga shi ya haura shekara 120.

Ku kuma 'yan kasuwa, ba don kuɗinku ba da gatari bai hau dutse ba. Mai sayen gawayi da sassaƙe ya tambayi inda suka fito da yadda aka samo su, kamar yadda yake tambayar asalin dabbar da aka kawo masa da arha. Wanda Allah ya hore wa ya sani waƙafi bai tsaya ga ginin bulo ba. Albashin mai gadin hima da kuɗin dashe suna ciki. Hano da dashi ba su da wuyar dasawa, reshe ake yankewa a kafa a ƙasa ya kama, shi ya sa ake shingen gona da su. In aka yawaita su a gonaki, na kan dutse sun huta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi ana rubuta masa ladan sadaka.

Wanda ya yi niyyar ziyara, mafi kyawun lokaci daga Yuli ne zuwa farkon Satumba, da sassafe. Ya fara gaida mai gari ya nemi ɗan jagora. Ya sa rufaffen takalmi saboda kububuwa da kasa, kada ya cusa hannu a tsagin da bai ga cikinsa ba. Jiƙaƙƙen falale santsi gare shi, kuma da hadari ya haɗo a sauko, domin tsawa tudu take nema. Kada a ɗanɗana abin da ba a sani ba, kada a tumɓuke, kada a rubuta suna a jikin dutse, kada a bar leda. A tafi da yara, domin yaron da ya san sunan itace da wuya ya girma ya sare shi a banza.

Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta dutsen Uhudu da ƙauna tsakaninsa da Musulmi. Wannan ita ce dangantakar mumini da dutse: ba ya bauta masa, ba ya jin tsoronsa, ba ya kuma wulaƙanta shi. Allah ya sa mu bar wa jikokinmu duwatsun nan da mayafinsu kamar yadda muka tarar da su, ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da ɓarna a bayan ƙasa, amin.